SARAUNIYA BA ƘASA: TARKEN WASAN CIVILIZATION VII DA KUKAN MASU YIN SA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa da dare ana tatsuniya ya san mai sauraro yana da ta cewa. Idan tsohuwa ta shagala ta sa Ƙoƙi ta faɗi abin da Gizo ya kamata ya faɗa, nan take yara za su yi mata caa, su ce ai ba haka ba ne, ita kuwa sai ta murmusa ta koma baya ta gyara. Haka makaɗi yake a fagen biki. Yana waƙa yana duban fuskokin jama'a, inda ya ga an motsa ya daɗe a wurin, inda ya ga jiki ya yi sanyi ya wuce. Da aka shiga buga littattafai sai wannan dama ta ragu ainun, domin abin da injin ɗab'i ya buga ya bugu ke nan, sai dai a jira bugu na biyu, in har za a yi shi. Saboda haka tarken rubutaccen adabi sau da yawa yakan zo ne bayan aiki ya kammala, tamkar ihu bayan hari.

A wannan zamani an sami wani nau'in aikin fasaha da ya maido da waccan tsohuwar dama, wato wasannin kwamfuta. Ana sayar da wasa yau, gobe masu saye su koka, jibi waɗanda suka ƙera shi su aiko da gyara ta intanet, ya shiga cikin kowane kwafi da ke duniya. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan wasanni, Civilization VII, wanda ya fito a shekarar 2025 ya gamu da fushin masoyansa. Dalilin kawo shi cikin mujallar Hausa kuwa shi ne, a cikin shugabannin da ɗan wasa zai iya zaɓa akwai Amina Sarauniyar Zazzau, kuma da Hausa take magana. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, a aikin da ake iya gyarawa bayan ya fito, wanda ya yi magana ya zama abokin rubutu, wanda ya yi shiru kuwa ya bar rabonsa ga wasu.

2.0 Wasan da Zubinsa

Mai karatun da bai taɓa ganin wasan ba ya ɗauki dara a ransa, sannan ya faɗaɗa gurabunta su zama taswirar duniya. Kamar a dara, bi da bi ake yi: ka taka, abokin karawa ya taka. Ɗan wasa yakan fara da ayarin mutane kaɗan a cikin daji, ya kafa gari, ya yi noma, ya buɗe hanyoyin fatauci, ya nemi ilimi, ya ƙulla amana da maƙwabta ko ya yaƙe su, har dubban shekaru su shuɗe a kan allon kwamfutarsa. Wani Ba'amurke mai suna Sid Meier ne ya fito da na farko a 1991, kuma kamfanin Firaxis da ke jihar Maryland a Amurka shi ke ƙera na baya-bayan nan, kamfanin 2K yana sayarwa. An san Meier da wata ƙa'ida da magadansa ke bi: kowane sabon wasa, sulusinsa ya zama tsohon abin da aka sani, sulusi ya zama tsohon da aka kyautata, sulusi kuma sabo fil.

A wasanni shida na farko jigon ɗaya ne. Ka ɗauki al'umma guda, Masar ko Rum ko Sin, ka riƙe ta tun daga zamanin dutse har zuwa zamanin kumbo. A na bakwai, kamar yadda ya fito a 2025, sai aka karya wannan zubi. An raba wasan gida uku: Zamanin Da, Zamanin Gano Ƙasashe, da Zamanin Yau. Idan zamani ya zo ƙarshe wata fitina takan taso, annoba ko tawaye ko harin baƙi, daga nan a rufe babin. Yaƙe-yaƙe su tsaya, birane ban da babban birni su koma ƙauyuka, a tilasta wa ɗan wasa ya ajiye al'ummar da ya raina ya ɗauki wata. Shugaban da ya zaɓa ne kaɗai ke tsallakewa tare da shi, domin an raba shugabanni da al'ummominsu, kowane shugaba na iya jan kowace daula.

Jagoran ƙirar, Ed Beach, ya bayyana hujjarsa da birnin Landan. Ya ce Rumawa ne suka kafa shi, daga baya Normawa suka yi gini a kan kufansu, sannan Ingila ta zamani ta yi gini a kan na Normawa. A ganinsa tarihi hawa-hawa yake, babu daular da ta taɓa ɗorewa shekara dubu shida da suna ɗaya. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan hujja, don za mu dawo kanta.

3.0 Fitowa da Kuka

An saki wasan ga kowa ranar 11 ga Fabrairu, 2025, a kan dalar Amurka 70. Amma waɗanda suka biya dala 100 ko 130 don kwafi na musamman an ba su shi tun ranar 6 ga watan. Wannan dabarar kasuwa ce ta zama dara ta ci gida, domin waɗanda suka fi kowa son wasan, suka fi kowa biya, su ne suka fara cin karo da aibinsa, kuma kafin sauran jama'a su sa hannu a aljihu kukansu ya riga ya cika kasuwa. A Steam, babbar kasuwar wasanni ta intanet inda mai saye ke iya yabawa ko kushewa, kusan rabin masu sharhi kushewa suka yi, alhali yawancin 'yan jaridar da suka gwada shi kafin fitowa sun yaba. Ba a daɗe ba alƙaluman kasuwar suka nuna masu yin Civilization VI na 2016 sun fi masu yin sabon yawa, har ma na biyar, na 2010, yakan sha gabansa.

Matarki ba ya ɗaukar hayaniya dunƙule, sai ya rarrabe ta. Idan aka tace kukan masu wasan za a ga ya kasu kashi uku. Kashi na farko kuskure ne tsagwaronsa. Allunan bayani, waɗanda su ne fuskar wasan, ba sa gaya wa ɗan wasa abin da yake bukatar sani, rubutu na hawa kan rubutu, taswirori kuma suna fitowa da nahiyoyi masu kama da an yanka su da wuƙa. Wannan daidai yake da littafin da aka buga da kurakuran rubutu da shafuka a juye. Kashi na biyu giɓi ne, wato abubuwan da aka saba da su a wasannin baya amma aka fito ba tare da su ba. Ba ka iya sake wa garinka suna, ba ka iya ci gaba da wasa bayan an bayyana wanda ya ci, babu manyan taswirori. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne, Birtaniya, wadda da babban birninta aka kafa hujjar sabon zubin, ba ta cikin wasan, sai a watan Maris aka kawo ta cikin ƙarin da ake biya daban. Kashi na uku kuwa saɓani ne kan manufa. Masu wannan kuka ba su ce an yi aikin ba daidai ba, cewa suka yi ba sa son aikin, a bar su da al'ummarsu ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

4.0 Amsar Maƙeran

Dole a yi wa Firaxis adalci a nan. Tun kafin ranar 11 ga Fabrairu ta fitar da sanarwa cewa ta ji, kuma gyaran fuskar wasan shi ne abin da ta sa a gaba. Daga nan gyare-gyare suka riƙa zuwa kusan kowane wata. A Maris aka ba da damar sake wa garuruwa suna. A Afrilu aka maido da ci gaba da wasa bayan nasara. A Yuni aka kawo manyan taswirori. A Yuli aka sassauta tsananin sauyin zamani ga mai so. Gyara kayanka, in ji masu iya magana, ba ya zama sauke mu raba, kuma game da kashi na farko da na biyu babu abin da ya dace face wannan. Sai dai yabon yana da iyaka. Yawancin abin da aka kira amsa kukan jama'a biyan bashi ne, domin kaya ne da ya kamata a ce suna ciki tun ranar da aka karɓi kuɗi. Magini da ya miƙa maka makullin ɗaki ba taga, ya dawo bayan wata uku ya sa, ba kyauta ya yi maka ba.

A kan kashi na uku ne labarin ya fi jan hankalin manazarci. Da farko shugaban Take-Two, uwar kamfanin 2K, wato Strauss Zelnick, ya nuna cewa tsofaffin masoya sukan tsorata da sabon abu, amma in sun daɗe suna yi za su so shi. Wannan amsa ce irin ta marubucin da ke gaya wa mai karatu ya sake karantawa, shi ne bai fahimta ba. A watan Agusta shi da kansa ya amsa cewa wasan ya fara da tafiyar hawainiya. A Satumba aka sallami ma'aikata da dama a Firaxis, waɗanda akasari ba su ne suka tsai da ranar fitowa ko farashi ba. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya sanar cewa yana gwada hanyar da ɗan wasa zai riƙe al'umma ɗaya a duk zamunnan uku. Wato cikin watanni tara an taso daga "za ku saba" an iso "mun ji, za mu ba ku".

Shin wannan nasara ce ga tarke? Amsar tana da fuska biyu. Marubucin da ba ya jin gyara ba ya girma, wannan gaskiya ne. Amma marubucin da ke sauya jigonsa duk sa'ad da kasuwa ta yi tari, ƙarshe ba za a san me yake son faɗa ba. A ra'ayin wannan maƙala, tunanin cewa tarihi hawa-hawa yake shi ne mafi kyawun tunanin da ke cikin wasan, kuma ya fi kusa da gaskiya a kan tsohon zubin da ke nuna Amurka tana farauta da mashi shekara dubu huɗu kafin haihuwar Annabi Isa. Mu nan ba mu bukatar a kai mu Landan kafin mu gane haka. Zazzau ta zauna a Turunku, ta koma Kufena da Zariya, jihadi ya zo a 1808 Sarki Makau ya yi kudu, magajinsa ya kafa Abuja ta asali, wadda yau ake kira Suleja. Lafiya kanta Barebari ne suka kafa sarautarta a ƙasar da Alago da Gwandara da Migili da Eggon ke zaune, Hausa ta zama harshen kasuwarta, sannan a 1996 ta zama babban birnin jiha. Tunanin ba shi da aibi. Aibin yana wajen aiwatarwa, kuma babu inda ya fito fili kamar a kan Amina.

5.0 Amina a Cikin Wasan

Abin da aka sani game da Amina kaɗan ne, kuma madogaransa sanannu ne. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000, kuma ta yi shekara 34 tana yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a cikin Infaƙul Maisuri, ya ce ta rasu a Atagara. Wasu masana kuma sun sa ta a ƙarni na 16, a matsayin 'yar Bakwa Turunku. A bakin jama'a kuwa abin da ya fi tsayawa shi ne ganuwa, har tsofaffin katangun garuruwa da dama ake kiransu ganuwar Amina. Mu mazauna wannan yanki labarin ya shafe mu kai tsaye, don kuwa fuskar yaƙinta kudu ce, wajen Binuwai, kuma a ƙarni na 19 masarautun Keffi da Nasarawa suna ƙarƙashin Zazzau ne.

Maƙeran wasan sun kyauta a wurare biyu. Sun sa ta magana da harshenta, abin da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda Netflix ta nuna a 2021, bai yi ba, ya kuwa sha suka a Arewa kan haka. Sun kuma haɗa mata yaƙi da fatauci: kamar yadda wasan ya fito, biranenta sun fi na kowa ɗaukar hajoji, kowace haja tana kawo mata zinari. Wannan ya dace da Tarihin Kano, wanda ya danganta zamaninta da shigowar goro da kayan yamma ƙasar Hausa. Amma ƙarfin yaƙin da aka ba ta an ɗaure shi ne da fili da hamada, ganuwa kuwa ba ta cikin baiwarta. Wanda ya san Zariya da duwatsun Kufena da damina mai yawan ruwa zai tambaya, ina hamada a Zazzau? Da alama an dubi taswirar Afirka daga nesa, aka ga launin rairayi a sama, aka yafa mata.

Babban aibin ya wuce wannan. Amina tana cikin wasan, amma ƙasar Hausa ba ta ciki. A ranar fitowa daulolin Afirka huɗu ne kacal: Masar da Aksum a zamani na farko, Songhai a na biyu, Buganda a na uku. Ɗan wasan da ke son ya riƙe Amina a nahiyarta sai ya fara da ita a Aksum, can tsaunukan Habasha, ya tsallako da ita Songhai a bakin kogin Kwara, ya ƙare da ita a Buganda, bakin tafkin Victoria a Yuganda ta yau. A gwada wannan da abin da aka yi wa Sin, wadda aka ba Han da Ming da Qing, ko Indiya da aka ba Maurya da Chola da Mughal. Can an yi gini hawa uku a kan fili ɗaya, kamar yadda hujjar Landan ta tanada. Nan kuwa an aza harsashi a Habasha, bango a Gao, rufi a Yuganda. Wannan ba hawa-hawa ba ne, ƙaura ce ta dubban kilomitoci, kuma abin da ya haɗa wuraren uku bai wuce cewa duk a Afirka suke ba.

Daɗin daɗawa, daular da aka ba Amina a tsakiya ita ce wadda Leo Africanus ya ruwaito cewa sarkinta Askiya ya kawo wa ƙasar Hausa yaƙi ya kashe Sarkin Zazzau. Gaskiya ne wasu masana tarihi suna tantamar wannan ruwaya, amma ko da tantamar, ɗora Sarauniyar Zazzau a gadon Askiya abu ne da ɗalibin tarihi zai yi wa murmushi. Ba kuwa rashin abin ginawa ba ne. A wannan fili namu akwai Nok, wadda aka fara tono gumakanta na yumɓu a 1928 a kudancin Kaduna ta yau, akwai Kwararrafa da Borno da Hausa Bakwai, akwai Daular Sakkwato da ta taso daga jihadin 1804. Wani wasan daban, Age of Empires III, ya nuna abin mai yiwuwa ne, domin a 2021 ya kawo Hausawa a matsayin al'umma mai cin gashin kanta, da mayaƙan lifidi da dukiyar shanu, ko da yake shi ma ya sa Amina shugaba ya ba ta Kano a matsayin gida.

To, a nan ne za a ga iyakar gyaran da aka yi alkawari. An ce za a bar ɗan wasa ya riƙe al'ummarsa har ƙarshe. Mai son Rum ya sami biyan bukata, mai son Masar ma haka. Amina fa, wace za ta riƙe? Har ƙarshen 2025 an ƙara dauloli goma sha biyu ta hanyar ƙarin da aka riƙa fitarwa, cikinsu har da Nepal da Tonga da jamhuriyar 'yan fashin teku, amma babu Hausa. Maganin da aka kawo na ciwon waɗanda suka yi kuka ne.

6.0 Muryar Mai Saye da Muryar Mai Tarihi

Kada a ɗauka babu wanda ya lura. Tun a watan Agustan 2024, sa'ad da aka fara nuna wasan aka ga Masar tana rikiɗa ta zama Songhai, akwai masu wasa da suka ce wannan bai yi ba. Sai dai kukansu ya nutse cikin babban kukan fuskar wasa da farashi, domin kamfani yana auna kuka ne da yawan aljihun da ke bayansa. Ta wannan ma'auni mu ba mu da nauyi. Dala 70 a farkon 2025 ta haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, ba a ma zo kan kuɗin kwamfutar da za ta ɗauki wasan ba, balle wutar da za ta kunna ta. Rubutun cikin wasan ma ba a fassara shi da Hausa ba. Ɗalibin da ke Lafiya ba ya cikin lissafin kasuwar.

Amma tarihin wannan kamfani ya nuna akwai wata murya da yake ji ban da ta mai saye. Lokacin da ake shirya ƙarin Civilization V na 2013, an yi niyyar sa wani jagoran mutanen Pueblo na Amurka mai suna Popé, sai dattawan Pueblo suka ƙi yarda a sa harshensu a wasa, kamfanin ya janye. A Janairun 2018, da aka sa Poundmaker, shugaban mutanen Cree na Kanada, cikin Civilization VI, wani jagoran al'ummar mai suna Milton Tootoosis ya fito ya ce ba a shawarce su ba, kuma wasan yana koyar da cewa kowace al'umma burinta cin ƙasar wasu ne, wanda ba haka kakanninsu suke ba. Sakamakon wannan suka, da aka zo sa Tecumseh da al'ummar Shawnee a wasa na bakwai, sai Firaxis ta je wurin shugabansu Ben Barnes tun da wuri, aka yi aikin tare, kamfanin kuma ya tallafa wa aikin naɗar harshensu mai neman ɓacewa. Abin lura shi ne Tecumseh ya shigo tare da al'ummarsa.

Shawnee dubbai ne. Masu jin Hausa kuwa miliyoyi ne masu yawa, daga Nijeriya da Nijar har Gana da Kamaru da Sudan. Ba yawa ne ya sa aka saurari Shawnee ba, ba kuma ƙarfin saye ba. An saurare su ne domin wasu irinsu sun riga sun yi magana da hujja, a fili, da sunan masu tarihin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma sai in mai ita ya buɗe baki.

Wannan ba baƙon darasi ba ne ga adabinmu. A shekarun 1990, da littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa, marubutansu sukan fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, su sa adireshinsu a bango, wasiƙun masu karatu su riƙa zuwa tsakanin kashi da kashi. Wannan ita ce muryar mai saye. A gefe guda kuma akwai muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka tafka a jaridu kan ƙimar waɗannan littattafai. Muhawarar ba ta sayi kwafi ko ɗaya ba, amma ita ta tilasta wa marubutan da jami'o'i su ɗauki aikin da muhimmanci. Abin da muka yi wa littafi a wancan lokaci bai kamata mu kasa yi wa allon kwamfuta yanzu ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda wasan Civilization VII ya fito da kuskure da giɓi da sabuwar manufa, da yadda maƙeransa suka gyara biyun farko, suka kuma ja da baya a kan ta uku bayan watanni. An ga cewa manufar tana da kyau, amma an aiwatar da ita da mudu biyu, babba ga Sin da Indiya, ƙarami ga Afirka, har Sarauniyar Zazzau ta zama baƙuwa a kowane zamani na wasan. An kuma ga cewa gyara yakan bi inda murya ta fito.

Saura namu. Akwai aikin da babu wanda ya fi ɗalibin sashen Hausa cancantar yi. A saurari kalaman da aka sa a bakin Amina, a duba karin harshen da zaɓen kalmomin, a ga ko sun dace da bakin sarauniya. A gwada suturarta da makamanta da abin da masana tarihin Zazzau suka tabbatar. A rubuta abin da aka gano da Hausa domin namu, a fassara shi domin maƙeran, a yaba inda suka kyauta kafin a nuna inda suka kauce. Yara masu yawa a Turai da Asiya da Amurka za su fara jin sunan Zazzau ne daga wannan wasa, kuma abin da suka gani a ciki shi za su ɗauka tarihinmu ne. Littafi in ya fito da kuskure sai haƙuri, amma wannan aiki ƙofarsa a buɗe take, ana kan gyara shi wata bayan wata. Tsohuwa tana tsakiyar ba da tatsuniyar, kuma ta nuna tana jin gyara. Ya rage ga jikokin Amina su ce mata, a nan wurin ba haka ba ne.